Sharhi kan janaretan sigina Heathkit IG-102 bayan daidaita allurarsa

Heathkit IG-102 na'ura ce ta gwada rediyo mai bawul biyu (kwalaben gilashi na lantarki irin na tsofaffin rediyoyi), 12AT7 da 6AN8, wadda kamfanin Heath ya fitar lokacin yana Benton Harbor a jihar Mishigan ta Amurka. Tana fitar da siginar rediyo daga kilohaz 100 zuwa megahaz 110 a zango shida, A zuwa F, kuma tana iya ɗora wa siginar sauti mai haz 400. Bayan aiki da ita wajen saita tsofaffin rediyoyi, ra'ayina shi ne har yanzu tana biyan buƙata, muddin an san iyakarta. Daidaiton da aka tsara mata kashi 2 cikin ɗari ne. A kan kilohaz 455, inda ake saita matakin tsakiya na yawancin rediyoyin AM (firikwensin da rediyo ke mayar da kowace tasha zuwa gare shi a cikinsa), wannan kuskuren ya kai kusan kilohaz 9 sama ko ƙasa. A megahaz 10.7 na FM kuwa ya haura kilohaz 200. Idan aka haɗa da tsufan kayan ciki, ba abin mamaki ba ne allurar da ke nuna firikwensi a kan ma'auni ta nuna wani abu, na'ura kuma ta fitar da wani.

Babban kuskure a gyaran shi ne gaggawar taɓa koyil, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke tsayar da firikwensin kowane zango. A fara duba allurar kanta. A murɗa babbar kafasitar neman tasha har faifanta su shige juna gaba ɗaya, sannan a ga ko layin allurar ya zauna a ƙarshen ma'auni ta ɓangaren ƙananan lambobi. In dukkan zangon shida sun kauce ta gefe guda da tazara iri ɗaya a ido, to matsalar ba ta lantarki ba ce, allura ce ta zame a kan sandarta. Kwance ta, mayar da ita gurbinta, ɗaure. Aikin minti biyar ne. Wanda ya tsallake wannan ya shiga juya koyil zai lalata saiti shida masu lafiya don ya rufe laifin noti guda.

Sai wutar ciki. Cire filogi, sauke cajin manyan kafasitocin tace wuta (masu ajiye caji) ta hanyar rizista (mai rage gudun wuta), domin layin da ke ciyar da bawul ya haura bolt 100. Waɗannan kafasitoci da na takarda a canza su, haka ma duk rizistar da awonta ya ɗaga da fiye da kashi 20 cikin ɗari. Amma ƙananan kafasitocin da ke kusa da koyil a bar su sai an tabbatar sun mutu, in kuma dole ne a sa na maika ko irin C0G, waɗanda zafi ba ya sauya ƙimarsu. Kafasita ta gama-gari a wannan gurbi ita ke sa sigina ta riƙa tafiya da kanta yayin da akwatin ke ɗumama. A wanke haƙoran makunnin zango da ruwan wanke mahaɗar lantarki kaɗan, kada a jiƙa faifan. Wayoyin da ke wajen kuma kada a lanƙwasa su, musamman a zangon F, inda ɗan guntun waya ma koyil ne. Na'urar da aka yi wa wutar Amurka ta bolt 120 tana buƙatar taransifoma mai rage wuta a inda layi yake bolt 230.

Wajen saitin kansa akwai ƙa'ida guda wadda ta fi kowace muhimmanci. A ƙasan zango faifan babbar kafasita a rufe suke, ƙimarta tana da yawa, don haka tirima, wato ƙaramar kafasitar daidaitawa, ba ta da wani tasiri a nan, zuciyar koyil (ɗan sandan da ake murɗawa a cikin koyil) ce ke da iko. A saman zango faifan a buɗe suke, ƴan fikofarad (ƙaramin awon kafasita) ɗin tirima sai su zama masu nauyi. Saboda haka koyil a ƙasa, tirima a sama. Kowanne yana ɗan ture ɗan'uwansa, sai an yi ta kai da komo sau uku ko huɗu kafin duka ƙarshen biyu su zauna. Kada a zaɓi can bakin ma'auni, a ɗan shigo ciki, misali kilohaz 350 da 1000 a zangon B. Idan tirima ɗaya ce ke yi wa zango da yawa aiki, a saita ta sau ɗaya, sauran a bi su da koyil kawai.

A bar na'urar a kunne minti talatin kafin a fara. A yi amfani da sandar saiti ta roba wadda ta dace da ramin. Sukudireban ƙarfe yana sauya awon muddin yana ciki, kuma yana fasa zuciyar koyil, wadda samun madadinta ke da wuya. In ta cije, a ɗan ɗumama ta don kakin da ya riƙe ta ya saki, kada a yi mata ƙarfi.

Abin gwaji mafi sauƙi shi ne na'urar ƙirga firikwensi, amma tana da nata tarko. A kashe sautin haz 400 tukuna, in ba haka ba lambobi za su yi ta tsalle. Ƙarfin siginar bai wuce kusan bolt 0.1 ba, kuma tana ɗauke da ninkin firikwensinta, don haka maƙirgi na iya nuna 910 alhali ana kan 455. Wanda ba shi da maƙirgi zai iya amfani da rediyon gajeren zango: a kamo WWV, tashar sanar da lokaci ta Kolorado a Amurka mai tabbataccen firikwensi, a megahaz 5, 10 ko 15, ko wata tashar AM da aka san lambarta, a matso da siginar janareta. Za a ji fito, yana yin kauri yana raguwa har ya ɗauke. Inda ya yi shiru nan ne siginar biyu suka haɗu. Bayan an mayar da murfin ƙarfe a sake aunawa, domin murfin yana ɗan jan manyan zango.

Sakamakon ya gamsar da ni a zangon A zuwa D: allura tana komawa wuri guda kowane lokaci, sigina kuma tana tsayawa bayan ɗumi. Tsakiyar zango ba ta cika zama daidai ɗari bisa ɗari ko da ƙarshen biyu sun zauna, kuma ban ga hikimar lanƙwasa faifan kafasita don a kore wannan ba. Gara a rubuta ɗan jadawalin gyara a manna a gefe. Zangon F ya fi saurin motsi, lambobinsa kuma a cushe suke, don haka aikin FM na tsanaki yana son maƙirgi a jone koyaushe. Ga mai saita rediyon AM da na gajeren zango kuwa, IG-102 da aka daidaita ta wadatar, sai dai a tuna a sa kafasita mai maikurofarad 0.01 da ke jure bolt 600 tsakanin wayar fitarta da rediyon bawul, don wutar rediyon kada ta koma ta ƙone rizistocin rage ƙarfi.