Flynas da Air Arabia: yadda kowanne ya girma, da wanda zai yi wa matafiyin Sakkwato amfani

Alhaji, tambayar da ka ajiye a zaure ita ce: flynas ɗin nan da ke zuwa kwasar maniyyatanmu, an ce maka jirgin araha ne irin Air Arabia da 'yan kasuwar Dubai ke ambata, to wanne ya girmi wani, ta yaya kowanne ya bazu zuwa ƙasashen waje, kuma wanne zai yi maka rana idan ka haɗa Umra da saro kaya. Sana'arsu ɗaya, jirgin da suke aiki da shi ma kusan iri ɗaya ne, amma hanyar da kowanne ya bi ya girma daban take. Wannan bambancin ne ya sa ɗaya ya sha sauka a filin jirgin Sultan Abubakar na Uku, ɗayan kuwa sai dai ka ji sunansa a bakin masu zuwa Dubai.

Air Arabia ne babba. Sarkin Sharja, Sheikh Sultan bin Muhammad Al-Qasimi, shi ya ba da umarnin kafa shi a watan Fabrairu na 2003, ya kuma yi sawunsa na farko daga Sharja zuwa Bahrain ranar 28 ga Oktoba na wannan shekarar, da jirage biyu rak. Shi ne kamfanin araha na farko a ƙasashen Larabawa. Flynas ya biyo baya a 2007 da sunan Nas Air, lokacin da Saudiyya ta buɗe ƙofa ga 'yan kasuwa su yi gogayya da Saudia, kamfanin jirgin gwamnati, a cikin gida. Kamfani biyu aka ba lasisi a lokacin, Nas Air a Riyad da Sama a Dammam. Sama bai kai labari ba, ya rufe a 2010, saboda gwamnati ta ƙayyade kuɗin tikitin cikin gida alhali man jirgi na tsada. Nas Air ma ya daɗe yana cin asara kafin ya miƙe, sai a Nuwamba 2013 ya koma flynas.

Abin da ya haɗa su shi ne tsarin da kamfanin Southwest ya fara a Amurka tun 1971, Ryanair ya yaɗa a Turai. Ana sayen jirgi iri ɗaya, a nan Airbus A320, don matuƙa su koyi jirgi ɗaya, injiniyoyi su san inji ɗaya, sito ya ajiye kayan gyara iri ɗaya. Ana cika shi da kujeru maƙil. Jirgi na sauka ana sauke fasinja, a share, a zuba wasu, ya tashi cikin ƙasa da awa ɗaya, domin jirgin da ke tsaye a ƙasa kuɗin haya yake ci ba ya kawo ko sisi. Tikitin kuma kujera kawai ya saya maka. Akwati, abinci, zaɓen wurin zama, sauya rana, kowanne da farashinsa.

Wajen bazuwa ne suka raba hanya.

Sharja ƙaramar masarauta ce, ba ta da zirga-zirgar cikin gida. Tun ranar farko duk sawun Air Arabia na ƙetare ne, kuma abincinsa shi ne ma'aikatan Indiya da Pakistan da Masar da Bangladesh da ke aiki a Daular Larabawa, masu son zuwa gida ba tare da tikiti ya cinye albashin wata ba. To amma A320 na da iyakar nisan da zai yi ya ci riba, kamar awa huɗu zuwa biyar. Da ya cika wannan da'irar daga Sharja, sai ya tarar da katanga: dokar sufurin sama ba ta barin kamfanin wata ƙasa ya zo ya zauna a ƙasarka yana kwasar mutanenka zuwa ƙasa ta uku, kuma yawancin ƙasashe na sharaɗin 'yan ƙasa su mallaki fiye da rabin duk kamfanin da zai ɗauki tutarsu. Dabarar da shugabansa Adel Ali ya ɓullo da ita ita ce ta ɗan kasuwar da ke buɗe shago a wani gari da sunan ɗan garin a takarda, shi kuma ya kawo kaya da yara da tsarin ciniki. Haka aka sami Air Arabia Maroc a Kasabalanka a 2009, mai ɗaukar 'yan Maroko mazauna Faransa da Beljiyam da Sifen da Italiya. Aka sami Air Arabia Egypt a Iskandariyya a 2010. A 2020 ya haɗa kai da Etihad, kamfanin jirgin Abu Dhabi, suka kafa Air Arabia Abu Dhabi, Etihad na da kashi 51, shi yana da 49. A 2022 ya shiga Pakistan da sunan Fly Jinnah tare da rukunin kamfanonin Lakson.

Ba duka suka yi albarka ba, kuma wannan ne raunin tsarin. Wanda ya kafa a Nefal da sunan Fly Yeti ya tsaya a 2008 bai daɗe da farawa ba. Na Jodan da aka buɗe a 2015 ya mutu bayan 'yan shekaru. Fly Arna na Armeniya ya fara a 2022, ya daina tashi a farkon 2024. Duk inda abokin haɗin gwiwa ya ja baya, ko gwamnatin ƙasar ta hana izinin hanyoyi don kare kamfaninta, sai Air Arabia ya kwashe jiragensa ya mayar Sharja. Abin yabo a nan shi ne asarar ba ta kai ga uwar kamfanin, tunda jiragen iri ɗaya ne, fenti kawai za a sauya. Babbar asarar da ya taɓa yi ma ba daga sama ta zo ba, daga kuɗin da ya zuba ne a kamfanin saka jari na Abraaj wanda ya rushe a 2018.

Flynas bai buƙaci wannan zagaye-zagayen ba, domin kasuwa a gida take. Saudiyya ƙasa ce mai faɗi, Riyad zuwa Jidda kaɗai na cikin hanyoyin da suka fi cunkoson fasinja a duniya, ga kuma Makka da Madina da ke jawo mutane ba tare da an yi talla ba. Don haka cibiyoyinsa duk a cikin gida suke: Riyad, Jidda, Dammam, sai Madina da ya ƙara a ƙarshen 2023.

Sau ɗaya ya yi gaggawa, ya kuma ji jiki. A 2014 ya yi hayar manyan jirage A330 ya buɗe hanyoyi masu nisa zuwa Landan da Mancesta da Kwala Lamfur da Jakarta da Kasabalanka. Shekarar ba ta ƙare ba ya rufe su. Dalilin ya cancanci a tsaya a kai, don shi ne amsar masu tambayar me ya hana a sami tikitin araha daga nan zuwa Jidda kullum. Ribar jirgin araha tana fitowa ne daga yawan sawu: jirgi ɗaya ya yi gajerun tafiye-tafiye da yawa a yini, ma'aikatan su kwana a gidajensu. A tafiyar awa bakwai ko tara, mai ne ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma farashin mai bai san jirgin araha ba. Dole a kama wa ma'aikata otal. Fasinja ba zai yi wannan nisa ba akwati ba abinci ba. Sannan masu ibada lokaci gare su, Ramadan jirgi ya cika maƙil, bayan Hajji ya tashi rabi fanko. A wancan lokacin Saudiyya ba ta ma fara ba da bizar yawon buɗe ido ba, sai a Satumba 2019.

Bayan nan ya koma kan A320, ya yi odar sababbi 80 a 2017, ya riƙa faɗaɗa a hankali zuwa Masar, Turkiyya, Indiya, Pakistan, Jojiya, Azarbaijan, Bosniya, daga baya Burasel ta Beljiyam da Balin ta Jamus daga Jidda, da Adis Ababa da Entebbe a gabashin Afirka. Shirin Saudiyya na 2030, mai burin masu Umra miliyan 30 a shekara, shi ke tura shi. A 2024 ya sake ƙulla ciniki da Airbus wanda ya haɗa da manyan A330neo, wato zai sake gwada nisa, wannan karon da jiragen kansa masu ƙarancin shan mai. A Yuni 2025 ya sayar da kashi 30 na hannun jarinsa a kasuwar Riyad kan riyal 80 kowanne. Air Arabia ya riga shi yin haka da shekara 18, a kasuwar Dubai a 2007. Wani abin kallo kuma, a Yuli 2025 Saudiyya ta ba wani haɗin gwiwa da Air Arabia ke ciki lasisin kafa sabon kamfanin araha a Dammam, ka ga dabarar buɗe shago a garin wani ta iso har ƙofar gidan flynas.

Yanzu abin da ya shafe mu. Zuwan flynas Sakkwato ko Birnin Kebbi, inda ya ɗauki sawun farko na alhazan Najeriya a 2024, ba ya cikin wancan tsarin na araha. Jigilar alhazai shata ce. Saudiyya na da ƙa'idar cewa kamfaninta na da haƙƙin ɗaukar kaso har zuwa rabi na alhazan kowace ƙasa, kuma flynas ne ta daɗe tana turowa Najeriya, yana raba aikin da irin su Max Air da Air Peace bisa rabon jihohi da hukumar alhazai ta ƙasa, NAHCON, ke yi kowace shekara. Jirgin da ake kawowa babba ne, sau da yawa ma na haya, mai ɗaukar mutum sama da 400. Abinci na ciki, kaya kuma awon da hukuma ta yanke ne, a shekarun nan akwati biyu masu kilo 23 da jakar hannu mai kilo 8. Zamzam ma ana kawo shi tun da wuri a jiragen da ke dawowa fanko. Air Arabia ba shi da ƙafa a wannan harka ko kaɗan, tunda ba na Saudiyya ba ne ba na Najeriya ba. Nisa ma ya hana shi: daga Sakkwato zuwa Jidda kusan kilomita 3,700 ne, zuwa Sharja kuwa ya haura 5,000.

Kuskuren da alhazai ke yawan yi ke nan. Mutum ya hau flynas a Hajji an ba shi abinci an auna masa kilo 46, sai ya je Umra ya sayi tikitin flynas mafi araha daga Jidda zuwa Riyad ko Dubai a waya, ya iso kanta da manyan akwatuna biyu. Wannan tikitin, wanda suke kira Light, jakar hannu mai kilo 7 kawai ya ƙunsa. Na Air Arabia mai suna Basic kilo 10 ne na hannu, shi ma ba akwati. Kuɗin kaya a kanta ya fi na intanet tsada nesa ba kusa ba, har yakan zarce kuɗin tikitin kansa. Saboda haka ka auna kayanka tun a masauki, ka sayi kilo 20 ko 30 lokacin da kake yankar tikiti, ka kuma karanta awon da ke rubuce a shafin kafin ka biya, don suna sauya shi. Kada ka sa zamzam cikin akwati, galan mai lita 5 da aka naɗe a filin jirgi shi ake karɓa. Kanta tana rufewa awa ɗaya kafin tashi, wanda ya makara kuma kuɗinsa ya tafi.

Idan Umra ce da zagaye cikin Saudiyya, flynas ne naka, sai ka kwatanta farashinsa da flyadeal, ƙanin Saudia da ya fara a 2017. Tsakanin Jidda da Madina dai mu ba ma ba da shawarar jirgin sama, jirgin ƙasa na Haramain yana tashi daga cikin filin jirgin Jidda ya kai ka cikin kamar awa biyu, sai dai shi ma yana da iyakar kaya. In kuma daga Riyad za ka shiga Jidda da niyyar Umra, ka ɗaura harami kafin ka hau, don jirgi na ratsa miƙati a sama kuma banɗakin A320 ba wurin sauya tufafi ba ne.

Idan saro kaya ne, kana Dubai kana son leƙa Karachi ko Mumbai ko Istanbul ko Alƙahira, Air Arabia ya fi yawan hanyoyi, kuma sau da yawa ya fi sauƙi. Amma a Sharja yake tashi, ba a Dubai ba. Wanda ya sauka Dubai da Emirates daga Legas, yana da tikitin Air Arabia daban, dole ya fita ta shige da fice, ya karɓi kayansa, ya hau mota zuwa Sharja. Wannan na buƙatar biza, kuma kowa ya san yadda bizar Daular Larabawa ta yi wa 'yan Najeriya wuya, an rufe ta a 2022 sai a Yuli 2024 aka buɗe da sharuɗɗa. Hanyar ba nisa, amma cunkoson yamma daga Dubai zuwa Sharja kan cinye fiye da awa ɗaya.

Tikiti biyu daban-daban ma haɗari ne ko a ina. Mai tashi daga Sakkwato yawanci sai ya bi ta Kano ko Abuja, in jirgin farko ya yi latti ka rasa na biyu, babu kamfanin da zai ɗauki nauyinka, don a wurin na biyun kai ne ba ka zo ba. Ka bar tazarar awa biyar zuwa shida a tsakani, in da hali ma ka kwana. Ka kuma sa ejan ɗinka ya rubuta maka tashar da jirgin zai tashi a Jidda, don filin na da tasha ta ɗaya, da ta arewa, da ta alhazai, kuma ba a zuwa daga wannan zuwa waccan da ƙafa.