Gargaɗi ga masu odar kayan aikin hannu na biki a intanet: ku ƙirga kwanaki kafin ku tura kuɗi

Jama'a, masu shirin bikin aure da masu haɗa kyaututtukan ranakun bukukuwa, a yi hattara. Akwai damfarar da ke yawo a shafukan sada zumunta, ta masu kiran kansu 'yan sana'ar hannu. Suna tallan kyandir mai ƙamshi, sabulun haɗin gida, furanni da 'yan jakunkunan saƙa, maƙalan makulli na rezin (ruwan roba mai daskarewa kamar gilashi) masu ɗauke da sunan ango da amarya, har da katin gayyata mai zanen hannu. Hotunan kamar ku miƙa hannu ku ɗauka, farashin ƙasa da na kowa, ga alkawarin ko guda 300 kuke so za a gama cikin mako ɗaya. Da yawansu ba su taɓa narka kaki ko riƙe kwarashi ba. Hotunan na wasu ne, an sato su daga shafukan masu sana'ar na gaskiya.

Abin da ɗan damfarar ya dogara da shi ranar biki ce, domin ya san ba ta motsi. Da farko zai amsa saƙo cikin minti ɗaya, ya yaba kalar da kuka zaɓa, ya ce saura gurbi biyu a jerin odar wannan watan. Sai ya nemi kafin alƙalami mai kauri, ko ma kuɗin gaba ɗaya, wai zai sayo kayan haɗi. Daga nan amsa ta fara jinkiri. Yau an yi rashin lafiya, gobe kwalaben da aka aiko masa sun fashe a hanya. Idan ranar ta matso sai ya turo hoton kwali a rufe da wata lambar bibiyar kaya da ba ta nuna komai, ya ce kamfanin aike ya riƙe kayan sai an ƙara kuɗi. Mutane na biyan wannan ƙarin saboda sun riga sun zuba da yawa, kuma saura kwana uku biki. Bayan nan sai a toshe ku, shafin ya canza suna.

Wannan shi ne mai cinye kuɗi ɗungurungum. Akwai na biyu, wanda zai aiko da kaya, amma na masana'anta ne da ya saro a manyan shagunan intanet masu araha, ya cire leda ya ɗaura zare ya kira shi aikin hannu. Na uku ya fi su haɗari: yana haɗa kayan da kansa, sai dai bai iya ba, ko ya iya amma ya tsallake matakan da ke cin lokaci, ya aiko muku abin da zai ƙona fatar baƙi ko ya fasa kwalba a kan tebur.

Duk ukun abu ɗaya ke tona su, wato lissafin lokaci. Aikin hannu yana da kwanakinsa, kuma gaggawar mai oda ba ta rage su.

Ku ɗauki saƙar kwarashi. A ce kuna son furanni 200, kuma kowane ɗaya yana cin minti 40 a hannun ƙwararriya. Minti 8,000 ke nan, wato awa 133 da ɗoriya. Ko da awa 8 take zama kullum ba hutu, sai ta yi kusan kwana 17, ban da ɗinke bakin zare da shiryawa a leda. Wanda ya ce zai kawo su cikin kwana huɗu, ku tambaye shi mutum nawa ke saƙar, ya nuna muku su a bidiyo. Saƙar kwarashi ta ainihi ba inji ke yin ta ba, hannu ne, don haka arahar da ta wuce hankali a nan alama ce babba. A wannan fannin ne kuma hotunan ƙirƙirarriyar basira suka fi yawa. Ku buɗe hoton ku ƙara girmansa, ku bi layi ɗaya na saƙar da ido. A aikin gaske za ku iya ƙirga madaukai ɗaya bayan ɗaya, ku ga inda aka ƙara da inda aka rage. A na bogi layin yakan narke cikin na kusa da shi, zaren ya yi sumul kamar roba, ko ya canza kauri a tsakiyar hanya ba dalili.

Sabulu ya fi wannan tsanani. Sabulun da ake haɗawa da mai da kostik soda ba tare da dafawa ba, ana cire shi daga mazubi bayan kwana ɗaya ko biyu, a yanka, sannan a jera shi a wuri mai iska ya yi mako 4 zuwa 6 yana bushewa. A wannan zaman ne ruwan cikinsa ke fita, ya yi tauri, ya yi laushi a fata. Wanda aka naɗe kafin lokacin zai zo da taushi, yatsa na lotsa shi, ya narke cikin 'yan kwanaki. In kuma ba a auna sodar daidai da sikeli ba, zai yi ƙaiƙayi ko ya ƙona fata, wani lokaci ma a ga ɗigon ruwa ko fararen ƙwayoyi masu tauri a cikinsa idan aka yanka. Akwai wata hanyar halal mai sauri, wadda ake sayen tushen sabulu da aka riga aka haɗa, a narka, a sa kala da ƙamshi, a zuba a mazubi, ya daskare cikin sa'o'i kaɗan. Ba laifi ba ce, amma mai gaskiya zai gaya muku ita ya bi, zai kuma naɗe kowane ɗaya da leda sosai, domin irin wannan sabulun yana jan danshin iska ya yi gumi. Tambaya ɗaya ta isa: wace hanya aka bi, kuma ran nawa aka zuba shi? Wanda bai san amsar ba, ba shi ya haɗa ba.

Kyandir ne muka fi jin tsoro, saboda wuta ce za a kai gidajen mutane. Kakin waken soya yana son ya zauna mako ɗaya zuwa biyu bayan zubawa kafin ƙamshin ya kama jikinsa. Man ƙamshin kuma yana da iyaka, galibi kashi 6 zuwa 10 cikin ɗari na nauyin kakin. In aka zarce, man zai riƙa tsattsafowa a sama kamar zufa, yana iya kama wuta. Lagwani dole ya dace da faɗin kwalbar. Ƙarami zai haƙa rami a tsakiya ya bar kaki maƙale a gefe har ya nutse ya mutu. Babba zai yi dogon harshe da baƙin hayaƙi, ya zafafa gilashin har ya tsage, musamman in kwalbar ba ta jure zafi ba ce. Busassun furanni da ake barbaɗawa a saman kyandir suna kyau a hoto, amma makamashi ne a gefen wuta, kuma mai sana'ar da ya san aikinsa ba ya sa su kusa da lagwani.

Lissafin kayan haɗi ma yana taimakawa a nan. Kyandir 150 masu gram 200 kowanne suna buƙatar kilo 30 na kaki, da kilo 2.4 na man ƙamshi in an sa kashi 8. Wannan ba kayan da za su ɓuya a ɗaki ba ne. Wanda ya karɓi kuɗinku don sayen kayan haɗi, ya nuna muku buhun kakin da kwalayen kwalabe.

Rezin irin na epoxy kashi biyu ne ake gaurayawa, ruwan rezin ɗin da sinadarin da ke sa shi tauri, bisa ma'aunin da kamfanin ya rubuta, sau da yawa ɗaya da ɗaya ko biyu da ɗaya. Yakan yi awa 24 zuwa 72 kafin a cire shi daga mazubi, taurinsa na ƙarshe kuma sai kusan mako guda. Mai mazubi 10 da ke cirewa sau ɗaya a rana, guda 200 za su ci masa kwana 20. In an kuskure ma'auni ko ba a motsa sosai ba, abin zai zo yana danƙo, yana lanƙwasa, yana wari, kuma ba zai taɓa gyaruwa da ajiya ba. Kada ku yarda a ce muku ku shanya shi a rana zai bushe. Rana ma rawaya take mayar da shi.

To, kafin ku kai ga wannan lissafin, ku binciki shafin. Ku ɗauki hotuna uku ko huɗu ku sa a Google Lens ko TinEye, masu nemo sauran wuraren da hoto ya fito a intanet. In suka fito a shafin wani mai sana'a a wata ƙasa, ko a shagon sari da hoto iri ɗaya sak, magana ta ƙare. Ku dubi bayan hotunan ma: mai aiki a wuri ɗaya, teburinsa da haskensa da hannunsa sukan maimaitu. Idan kowane hoto da irin ɗakinsa da launin hannunsa, tsince-tsince ne. Facebook yana da sashen da ke nuna ranar da aka buɗe shafi da sunayen da ya taɓa ɗauka, Instagram ma yana nuna watan da aka buɗe asusu. Shafin da aka buɗe watan jiya amma yana cewa ya yi shekara goma yana aiki, ko wanda a da yake sayar da wani abu daban, abin dubawa ne. Yabon da ke ƙarƙashin hotuna kada ya ruɗe ku, 'yan amshin shata ba su da tsada. Ku nemi wanda ya saka hoton kayan a hannunsa, a gidansa, ku yi masa magana.

Sannan ku nemi abin da ɓarawon hoto ba zai iya bayarwa ba. Ku ce ya rubuta sunanku da kwanan watan yau a takarda, ya ajiye kusa da aikin da yake kan yi, ya ɗauki gajeren bidiyo hannunsa na ciki. Ko ku kira shi ta bidiyo ya zagaya da ku wurin aikin. Mai sana'ar gaskiya ba ya jin haushin wannan, shi ma satar hotunan nan ta dame shi, tana ɓata masa suna tana karya masa kasuwa.

Kada ku yi cinikin biri a sama. Ku sayi samfur ɗaya tukuna, da sunan da kalar da kuke so, ko da za ku biya kuɗin aike sau biyu. In kyandir ne, ku rage lagwanin zuwa kamar milimita 6, ku kunna shi a kan faranti ya yi awa 3 zuwa 4 kuna wurin. Ku duba ko kakin ya narke har kusa da gefen kwalba, harshen wutar ya tsaya cak, gilashin bai yi baƙi ba. In sabulu ne, ku gwada a cikin damtse ku jira kwana ɗaya. In kofi ne mai suna, ku wanke da soso ku kankare da farce. Sunan da aka gasa cikin kofin ba ya ɗagowa, na sitika yana ɗagowa daga gefe. Ku ajiye samfurin, shi ne ma'aunin sauran. Ku sani kuma aikin hannu ba ya fitowa iri ɗaya sak. Ɗan bambanci tsakanin wannan da wancan alama ce mai kyau, guda ɗari masu kama da juna har layin mazubin inji a gefe kuwa daga masana'anta suke.

Batun biya, a raba shi uku: kaso na farko don kayan haɗi, na biyu idan an nuna rabin aikin a bidiyo, na ƙarshe idan an gama an ƙirga a gabanku ko a kiran bidiyo. A rubuta komai a saƙo ɗaya da ya amsa: adadi, girma da santimita, nauyi, kala, yadda ake rubuta sunayen harafi bayan harafi, ranar miƙawa, da abin da zai faru in kaya sun fashe ko sun makara. Ranar miƙawar ku sa ta mako biyu zuwa uku kafin bikin, kuma babu dole ku faɗa masa ainihin ranar. Ku duba sunan asusun da za ku tura wa kuɗi. In ya saɓa da na mai shafin, ko ana canza muku asusu a kowane biya, ku dakata. In a dandalin ciniki irin Etsy kuka same shi ya ce ku koma WhatsApp zai rage muku, kariyar dandalin yake so ku bari a baya. Haka a PayPal, manhajar biyan kuɗi ta intanet, zaɓin tura wa dangi da abokai ba shi da kariyar mai saye, na biyan kaya ne ke da ita, kuma ana iya shigar da ƙorafin rashin isowar kaya cikin kwana 180 daga ranar biya. Kuɗin da aka tura kai tsaye daga asusu zuwa asusu shi ya fi wuyar dawowa.

Wanda ya riga ya faɗa, kada ya ƙara tura ko kaɗan da sunan kuɗin aike ko na kwastan, kuma kada ya fara da zagi, domin da zarar an toshe shi wasu shaidun sun tafi. Ya fara ɗaukar hoton hirar duka, da shafin, da sunan asusun, da shaidar biya. Ya kira bankinsa a ranar, ya shigar da ƙorafi a rubuce, ya kai rahoto ga dandalin da kuma 'yan sanda. In ya gano mai hotunan na asali ya sanar da shi, domin ƙorafin mai haƙƙin hoto yakan sa a sauke shafi da sauri. Akwai kuma masu biyo baya su ce za su ƙwato muku kuɗin in kun biya su wani abu. Su ma layi ɗaya suke.

Idan biki ya rage mako biyu kuma babu kaya, kada ku sake ba wani baƙo odar gaggawa. Ku nemi abin da aka riga aka gama, wanda za ku gani ku taɓa ku ƙirga, ku ƙara masa ɗan kati mai suna da zare. Kati 200 mutum uku za su iya hudawa su ɗaura a yini ɗaya.