Na biya kuɗin horon sinuka ta bidiyo: ga abin da ya yi wa hannuna

Tsarin ba shi da wahala. Za ka biya kuɗin wata, ka ɗauki bidiyon kanka kana bugu, ɗaya daga gaba daidai saitin sanda, ɗaya daga gefe, ka tura wa kocin da ke Ingila ta WhatsApp. Shi kuma ya rage gudun bidiyon, ya ja layuka a kai, ya dawo maka da shi tare da bayani da atisayen da za ka yi. Abin da ya kai ni shi ne jan farar ƙwallo baya da ya gagare ni, wato bugun da ke sa fara ta dawo baya bayan ta daki wata ƙwallo. Ko na buga ƙasanta da iya ƙarfina, sai ta daki jar ƙwallo ta tsaya cak.

A gidan sinukar da nake zuwa shawara ɗaya kowa ke bayarwa: ka bi ƙwallo da sanda, wato sandar ta ci gaba da tafiya bayan ta taɓa ta. Na bi har kafaɗata tana tashi, babu abin da ya canja. Bayanin kocin na farko ya warware mini wannan, kuma shi kaɗai ya isa kuɗin watan. Ya ce kan sanda ba ya wuce kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na daƙiƙa yana taɓa ƙwallo, don haka duk abin da sanda ta yi bayan nan ƙwallo ba ta san da shi ba. Amfanin bin bugu yana faruwa ne tun kafin a taɓa ƙwallon. Hannun da ya yi niyyar tsayawa a kan ƙwallo yakan fara taka birki tun bai isa ba, yatsu su damƙe, kan sanda ya kauce. Da ya tsayar da bidiyona ana saura kiris in taɓa fara, na ga gaɓoɓin yatsuna sun ɗaure, kan sandar ya ɗago daga ƙasan ƙwallo ya koma kusan tsakiyarta. Ƙwallon sinuka faɗinta milimita 52.5 ne, kan sanda kuma 9 zuwa 10. Kaucewar milimita biyu ko uku ta isa ta kashe bugun.

Bai ce in tsawaita bin ba. Cewa ya yi in sassauta riƙo kamar mai riƙe da ɗanyen ƙwai, in bar yatsun baya su buɗe idan na ja sanda, in ɗan dakata a ƙarshen jan, sannan in tura a hankali gudun yana ƙaruwa har hannuna ya bugi ƙirjina. Ƙirjin ne birki. Idan damtsen ƙasa yana tsaye daidai lokacin da kan sanda ke gab da fara, da kanta sandar za ta wuce gurbin ƙwallo da wajen santimita 10 zuwa 15. Dakatawar nan ta fi komai ba ni wuya, domin jiki ji yake kamar an ƙwace masa ƙarfi. Amma ita ta raba ni da fizga.

Atisayen da na fi amfana da shi tsoho ne, kowa na iya yi kyauta. Ka aje fara a ɗigon da ake aje ƙwallo mai ruwan ƙasa a kan tebur, ka buga ta miƙe ta bi ta kan ɗigon shuɗiya da ruwan hoda da baƙa, ta daki gefen can ta dawo. Kada ka ɗago, haɓarka na kan sanda, ka jira. In ka buga tsakiyarta za ta dawo ta taɓa kan sandarka. A farko tawa tana wucewa ta dama da faɗin ƙwallo guda. Yanzu galibi tana dawowa daidai, sai in na ƙara ƙarfi take soma karkata. Wani dattijo da ya daɗe yana wasa a wurin ya tsaya yana kallona, ya ce, "Yaro, yau kanka bai motsa ba." Na ce, "Baba, abin da na biya wa kuɗi ke nan."

Na ji daɗin yadda kocin ya hana ni kwaikwayon shahararren ɗan wasan sinuka Ronnie O'Sullivan. Duk wanda ya kalli maki 147 ɗin da ya ci a jere ba tare da kuskure ba cikin minti 5 da daƙiƙa 8 a zauren Crucible, a gasar sinuka ta duniya ta 1997, zai so ya riƙa sauke gwiwar hannu irin tasa. Kocin ya ce wanda bai ƙware ba yakan sauke ta da wuri, sanda ta yi sama kafin ta isa ƙwallo. Ya ce in kalli tsofaffin wasannin Steve Davis, wanda ya ci kofin duniya sau shida tsakanin 1981 da 1989, in lura da kansa da kafaɗarsa kawai. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari.

Akwai abin da bai yi mini ba. Da fam ake biya, in ka juya shi zuwa naira sai ka ji a jikinka. Amsa takan yi jinkiri, har ka shafe kwanaki kana maimaita abin da ba ka tabbatar daidai ba ne. Babbar damuwata kuma ita ce kocin ya ɗauka kowa yana da tebur mai ƙafa 12. Mu a nan mafi yawan abin da muke kira sinuka ƙaramin teburin ful ne (wani wasa mai kama da sinuka), ga sandunan haya da suka lanƙwashe, kawunansu sun gaji har alli ba ya kamawa. Na gaya masa, amma atisayen da ya ci gaba da turowa na babban tebur ne, sai da na riƙa tafiya mai nisa don in same shi. Sanda ma dole na sayi tawa.

Wanda yake da tasa sandar da babban tebur a kusa, wata ɗaya ko biyu za su amfane shi sosai. Ni na dakatar da biyan wata-wata, domin aikin da ke hannuna zai ɗauke ni lokaci. Kafin ka biya, ka jingina wayarka a gefen tebur daidai tsayin hannunka na baya, ka ɗauki bugun jan fara goma, ka kalli yatsunka a hankali.