Yawon Asir: mun ga dutsen, ruwan kuwa sai a waya

Shekarata goma sha ɗaya a Jidda ban taɓa leƙa Asir, yankin duwatsun nan na kudu maso yammacin Saudiyya, ba, sai bana da zafi ya ishe mu. Wani kamfanin yawon buɗe ido ya yi ta tallan tafiyar kwana uku a WhatsApp, da bidiyon ruwa yana zubowa daga ƙololuwar dutse, fari fat. Magangarar Dahna ke nan a Tanuma, wadda mutanen wurin ke kira shallal. Bidiyon nan ne ya sa na biya mana mu biyar, har da Hajiya, mahaifiyata.

In faɗi gaskiya, ranar farko ba ta da makusa. Direba ya tarbe mu a filin jirgin Abha, babban birnin Asir, a kan lokaci, mota tsaf, ya haura da mu gandun Asir, wanda aka kafa a 1981. Abha kanta ta haura mita 2,000 sama da teku, dutsen Sauda kuma ya kai wajen mita 3,000. Hazo ya riƙa ratsa itatuwan ar'ar yana shafar fuskokinmu, mu da muka baro Jidda muna gumi sai ga mu muna neman rigar sanyi. Birai kuwa sun fi 'yan kamasho naci. Ɗaya ya fizge ledar biskit a hannun autata, ya zauna a gabanta yana ci. Ta yi kuka, yayyenta suka yi ta dariya.

Kashegari muka nufi Tanuma, kusan awa biyu arewa da Abha, hanya duk kwana-kwana. Muka isa, ga bangon dutse dogo, ga baƙin zane inda ruwa ya saba bi, amma abin da ke sauka bai fi na famfon da aka manta ba a rufe sosai ba. Hajiya ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai Baban Zainab, wannan ne ka tayar da ni da asuba dominsa? Ai indararon gidanmu na Kano ya fi shi."

Sai a nan direban ya bayyana mana cewa ruwan sama ne ke ciyar da shallal ɗin, in an kwana biyu ba a yi ba, sai ya janye. Wannan ne ya ƙona min rai. Sun san haka tun kafin su karɓi kuɗina, kuma ko da wasa ba wanda ya ambata. Da na kira ofishinsu, cewa aka yi ruwa na Allah ne. Haka ne, amma bidiyon ai nasu ne.

Masauki da abinci ba laifi, gasasshen naman nan na Abha da ake kira hanis ma har yanzu ina santinsa. Na ba kamfanin maki uku cikin biyar. Lambar direban na karɓa, mun yi da shi duk ranar da aka kwana ana ruwa a Tanuma zai turo min hoto. Hajiya dai ta ce ko ya turo, a gaishe su.