Kafin ka sayi madannin Mos: Ayambik A, B, Ultimatic ko mai harshe ɗaya?

Ranar da na gane cewa na'urorin bugun Mos (Morse, wato aika haruffa ta rediyo da dogon sauti da gajere) ba hali ɗaya gare su ba, ina ɗakin rediyon wani dattijo ne a Unguwar Rimi da ke Kaduna, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ya turo mini madanninsa ya ce in gwada. Na zo rufe kira da harafin K, sai C ya fito. Na sake, C dai. Har na fara leƙa ƙarƙashin madannin ina neman abin da ya kwance. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, ba laifin ƙarfen ba ne. Yatsunka A suka iya, rediyona kuwa B yake ji."

Abu biyu ne ake haɗawa a kira su da suna ɗaya. Akwai madanni, wato ƙarfen da yatsu ke taɓawa, galibi mai harsuna biyu, ɗaya na gajeren sauti ɗaya na dogo, wanda aikinsa haɗa waya da raba ta kawai. Akwai kuma kiya, 'yar na'urar lantarki da ke auna tsawon kowane sauti, ko dai a cikin rediyon ko a ƙaramin akwati daban. A ƙa'idar Mos, dogon sauti ninki uku ne na gajere. Idan kana aika kalma 20 a minti, gajere ɗaya milisakan 60 ne, dogo 180. Kiya ce ke riƙe wannan awon, kai kuma kana gaya mata wanne kake so: babban yatsa ga gajere, manuniya ga dogo, a wajen mafi yawan masu amfani da hannun dama. Duk taƙaddamar A da B ta taso ne daga tambaya ɗaya: me kiya za ta yi idan ka matse harsunan madannin biyu a lokaci guda, sannan ka saki?

A tsarin Ayambik, wanda za ka ga an rubuta Iambic a jerin saitin rediyo, matsewa na sa ta riƙa sauyawa, dogo, gajere, dogo, gajere, har ka saki. Shi ya sa C, wanda yake dogo-gajere-dogo-gajere, ke fita da matsa ɗaya tal. Haka K, wanda yake dogo-gajere-dogo, da R da alamar aya suke da sauƙi, su kuma F, L, Q da Y sai ka riƙe gefe ɗaya ka ɗan taɓa ɗayan. Tun da CQ, kiran neman duk wanda zai amsa, shi ake ta maimaitawa a kan iska, nan da nan mutum ke jin daɗin abin.

A wajen saki suka rabu. Tsarin A yana ƙarasa sautin da yake kai, ya yi shiru. Tsarin B yana ƙarasa shi, sannan ya ƙara kishiyarsa guda ɗaya. To ka ga abin da ya same ni: na riƙe har cikin dogon ƙarshe na K kamar yadda na saba, B ya yi mini kyautar gajere, K ya koma C. Wanda ya taso da B kuwa, in ya zauna gaban A, haruffansa ne za su riƙa yankewa, C ya dawo K, ya wayi gari yana kiran KQ. Asalin A ana danganta shi da 'yan ƙwayoyin lantarki na kamfanin Curtis, musamman 8044, shi kuma B da Accu-Keyer na James Garrett, mai lambar kiran rediyo WB4VVF, wanda mujallar QST ta Amurka ta buga tsarinsa a 1973.

Wanne ya fi? Masu B suna cewa ya ba su sarari, domin a harafin C za ka saki a cikin dogon sauti mai milisakan 180, ba sai ka jira ɗan gajeren ƙarshe ba. Gaskiya ne, amma a K lissafin juyewa yake yi, dole ka saki a cikin gajeren tsakiya, in ka makara kaɗan ya ƙara maka abin da ba ka nema ba. Ni A na fi so ga mai koyo, saboda abin da hannunka ya yi shi kunnenka zai ji. Amma ba zan ce mai B ya yi asara ba. Abin da zan hana shi ne tsalle tsakanin biyun. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, yatsu kuma in sun saba da ɗaya, sauya su sai an sha wuya.

Ultimatic ya girme su duka. John Kaye, W6SRY, ya bayyana shi a QST a 1953. Ƙa'idarsa mai sauƙi ce: wanda ka danna daga baya shi ke da iko, zai yi ta maimaita kansa har ka sake shi, sannan na farkon ya dawo. Ɗauki X, dogo-gajere-gajere-dogo. Ka riƙe dogo, ka danna gajere har biyu su fita, ka ɗaga, dogo ya rufe. P da alamar tambaya ma haka suke zuwa cikin ruwan sanyi. A hannu ya fi Ayambik kwanciya, a ganina. Aibinsa ɗaya: ba kasafai ake samunsa a cikin rediyo ba, sai ka sayi kiya ta waje, kuma duk inda za ka je sai ka ɗauke ta.

Madannin Vibroplex, wanda Horace Martin ya ƙera a farkon ƙarni na 20, gajeru kawai yake yi da kansa, dogaye da hannu ake jan su. Wasu kiyoyin suna kwaikwayonsa. Abin sha'awa ne, amma ba da shi ake fara koyo ba.

Sai madanni mai harshe ɗaya, wanda mutane ke rainawa. Ba ya matsuwa, ko hagu ko dama, don haka rigimar A da B kusan ba ta shafe shi ba. Motsin hannu ya fi yawa, C sai ka kai ka kawo sau huɗu, amma kuskure ya fi ƙaranci, kuma da yawa cikin zakarun gasar gudun Mos na Gabashin Turai da shi suke aiki. In za ka riƙa zama gaban rediyon abokai, wannan ne ba zai ba ka kunya ba. Ga kuma rangwame: ana iya haɗa shi a gida da tsohuwar ruwan zarton ƙarfe da kusoshi biyu, maƙeran Panteka su yanka maka gindi mai nauyi don kada ya riƙa yawo a tebur.

Kafin ka fitar da kuɗi, fara buɗe littafin rediyonka. Yaesu irin su FT-891 da FT-991A suna ba da zaɓin ELEKEY-A da ELEKEY-B, na Elecraft irin su KX2 da KX3 ma suna da A da B. Wasu rediyoyin kuwa tsari ɗaya suke zuwa da shi, ko kana so ko ba ka so. In naka haka yake, kiya ta waje ce mafita. WinKeyer na K1EL yana da A, B, Ultimatic da salon Vibroplex, yana kuma haɗuwa da kwamfuta ta USB ga masu shiga gasa. Morserino-32 na Ostiriya ya fi dacewa da koyo, tun da yana nuna maka a allo harafin da ka buga. Mai iya haɗa Arduino kuwa, wato ɗan allon lantarki da ake ɗora wa manhaja, manhajar K3NG kyauta ce a intanet. Da yadda dala take yanzu, gara ka mallaki kiya mai zaɓi da madanni mai sauƙin kuɗi, da ka kwaso madannin Begali na Italiya mai tsada ka jona shi a kiyar da yatsunka ba sa jituwa da ita. Bencher BY-1 na hannu ya ishe ka shekaru.

In a gari irin Kaduna kake, kada ka manta da ƙura. Ƙurar hunturu na shiga tsakanin bakin haɗin madannin, sai ka ji gajere yana ɓacewa ka ɗauka kiya ce ta lalace. Farar takarda za ka zura tsakaninsu ka ja, kada ka kusance su da sandar gurza, sannan ka tanadi murfi. Nemi kiya mai aiki da batir saboda ɗauke wuta. In kuma tana bugun kanta duk lokacin da ka tura siginar mai ƙarfi, siginar ce ke bin wayar madannin, zoben ferait, wato zoben da ake zura wa waya don tare irin wannan siginar, yakan magance shi.

In na hannu za ka saya, ka ce wa mai shi ya kunna, ka saita gudun a kalma 15, ka buga K, R da C sau goma-goma. A ranar da dattijon nan ya ba ni madanninsa, sau biyu kacal K ɗina ya fita daidai.