Hattara da mai tallan bututun bindigar toka "na ƙasar waje" a waya

Assalamu alaikum jama'a. Na daɗe ina juya maganar nan a raina, domin akwai kunya a cikinta, kuma kunyar tawa ce. Jiya ne na sake cin karo da tallan mutumin, ya sauya suna amma hotunan nan dai su ne, shi ya sa na ce gara in faɗa. Maganar ta shafi maharba, da maƙera, da 'yan bindigar fada masu buga albarushi a hawan sallah. In na ce 'yan bindiga, na sarki nake nufi, masu tafiya gaban dawaki, waɗanda sunan yake nasu tun kafin ɓarayin daji su gaje shi a bakin 'yan jarida.

Kawuna shi ne babba a cikin 'yan bindigar hakimin garinmu. Bindigoginsu tsofaffi ne, wasu ma gado ne daga iyaye. Duk wanda ya riƙe bindigar toka ya san halin albarushi: dattin da yake bari a ciki yana jawo laima, in ba a wanke an shafe da mai ba, tsatsa ta riƙa cin ƙarfen daga ciki ke nan, musamman can gindi inda wuta ke tashi. Bayan ƙaramar sallar bara suka duba, suka ga guda shida sun kai inda ba za a sake ɗura su ba. Tsohon maƙerin da ke yi musu aiki ya ce zai yi, amma sai bayan damina, ɗaya bayan ɗaya, kuma ya faɗi kuɗinsa. Suka ga tsada, suka ga nisa. Ni da nake ɗan bokon gidan, mai babbar waya, na ce a bar min, ai yanzu komai ana samu a intanet.

A Facebook na ga shafinsa, daga nan ya ja ni WhatsApp. Hotunan da ya turo, wallahi ko kai ne sai ka tsaya: bututai dogaye masu kusurwa takwas, an jera su a kan teburi tsaf, an ɗauki bakin ɗaya kusa-kusa har ana ganin zare, wato layukan da aka sassaƙa a jikin ƙarfen, ya murɗa a ciki. Ya ce wasu na Amurka ne, wasu na Beljiyam, ta Kwatano suke shigo masa, kuma duk an gwada su a can an buga musu hatimin gwamnati. Kuɗin bai kai rabin abin da maƙerinmu ya yanka ba. Na ce mu yi kiran bidiyo in gani, ya ce kayan suna sito, mai makulli ya tafi kasuwa. Na ce ina shagonsa, ya ce irin wannan kaya ba a baje shi a shago. Lambar asusun da ya turo da wani suna daban ta fito, ya ce ta ƙaninsa ce. Sai ya haɗa ni da muryoyi uku na mutanen da wai suka saya suna sa masa albarka, ya ƙara da cewa saura takwas, kuma wani sarkin baka daga wata jiha yana jiran su. Kowanne daga cikin waɗannan ya isa ya tsayar da mai hankali. Ni dai araha ta rufe min ido.

Kawu ya ce min, "Kai yaro, cinikin biri a sama za mu yi?" Na ce, "Kawu, zamani ne." Aka haɗa kuɗi, na tura rabi.

Abin da ya sa damfarar wannan mutum ta fi ta sauran muni shi ne yana turo kayan. Da cinye kuɗin ya yi ya kashe waya, da mun yi Allah ya isa mun huta. Bayan kwana tara direba ya kira ni a tasha, na karɓi ƙunshi a cikin buhu, na tura cikon kuɗin kafin in kwance, kamar yadda muka yi da shi. Da aka buɗe, babu mai kusurwa takwas ko ɗaya. Zagayayyu ne, baƙaƙe wuluk, suna warin ƙonannen baƙin mai. Na kira shi, ya ce na Amurkan sun ƙare, waɗannan na Beljiyam ne, sun ma fi ƙarfi, in duba hatimi. Na duba, ga ENGLAND an buga, kusa da shi ga haruffa uku, ELG, a cikin da'ira mai kamar ƙwai. Hankalina ya kwanta.

Ba mu kai wa tsohon ba, don kunyar mun tsallake shi. Wani matashin maƙeri ya ɗora guda ɗaya a ƙota. Kawu ya ce a bari sai ya dawo daga gona a ɗaure ta a jikin bishiya a gwada daga nesa, yadda aka saba. Ɗansa, wanda bai fi shekara ashirin ba, ɗoki ya hana shi jira. Ya ɗura mata albarushi daidai yadda yake ɗura wa tsohuwar, babu harsashi, ya fita bayan gari. Bututun ya tsage a tsaye, daga gindi har inda hannunsa na hagu yake tallabe da shi. Yatsu biyu suka tafi. Allah Ya kiyaye idonsa.

Washegari Kawu ya kwashi sauran biyar ya sa ni gaba sai maƙerar tsohon. Bai yi mana faɗa ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya ɗauki ɗaya ya auna nauyinsa a hannu, ya kankare baƙin da wuƙa, sai ga fari-fari irin na tutiya ya bayyana. Ya sa zarto ya yanke guntu, ya miƙo min ya ce, "Sa ɗan yatsanka ciki, ɗana." Na ji wani tudu siriri ya miƙe daga wannan baki zuwa wancan. Ya ce, "Ɗinki ke nan. Bututun famfo kuka sayo." Irin wannan bututu falle ne na ƙarfe ake naɗewa a yi masa walda a tsawonsa, an yi shi ne don ruwa ya bi ta ciki a hankali. Albarushi kuwa duka ɗaya yake yi a ƙiftawar ido, kuma inda ya fi rauni yake nema. Ya nuna mana kaurin ma ɗaya ne daga sama har ƙasa, alhali na bindiga gindinsa ya fi kauri, don nan ne ƙarfin yake taruwa. Biyu daga ciki da walda kawai aka toshe gindinsu. Ya ce da waɗannan aka fara bugawa, da toshiyar ce za ta dawo ta fuskar mai harbi.

Daga baya na zauna na yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Hotunan nan na masu kusurwa takwas na gaske ne, amma ba nasa ba ne. A Amurka har yau akwai masu sha'awar haɗa doguwar bindigar ɗuri irin wadda maƙera 'yan asalin Jamus suka fara ƙerawa a jihar Fensilbaniya a shekarun 1700, kuma akwai ƙananan masana'antu da aikinsu ke nan, yin bututun kaɗai. Daga shafukansu ya kwashi hotuna. Zaren da ke ciki amfaninsa ya juya dunƙulen darma guda ɗaya da aka naɗe a ƙyalle don ya tafi saiti. Tamu ta toka cikinta sumul yake, kuma mai buga albarushi zalla a hawan sallah ba abin da zare zai ƙara masa. Ga kuma babbar ƙaryar: Amurka ba ta da gidan gwajin bindiga na gwamnati da ke buga hatimi, kowane kamfani shi ke gwada nasa.

A Turai kuwa ana da wannan tsari. A Ingila, gidan gwaji na Bamingam an kafa shi da dokar majalisa a 1813, kuma yana aiki har yanzu. Ana ɗura wa bututu fiye da abin da zai riƙa ɗauka, a buga shi a rufaffen ɗaki ba kowa a kusa, a duba ko ya kumbura ko ya tsage, sannan a buga masa alama. ELG ɗin nan kuwa alamar gidan gwaji na Liyej ce, a Beljiyam. Wato mutumin ya haɗa sunan Ingila da hatimin Beljiyam a jikin bututun famfo guda ɗaya. Da na sake dubawa da kyau, haruffan ma ba su daidaita ba, ɗaya-ɗaya aka buga su da guduma, L ɗin ya karkace.

Ko a da ma, "na ƙasar waje" bai taɓa zama shaidar inganci ba a wannan harka. Turawa suna kiran bindigar toka da sunan mutanen Denmak ne saboda fatakensu da suka yi cinikinta a gaɓar tekun Gana, inda suke da ganuwa a Ankara, babban birnin Gana na yau, har suka sayar wa Ingila a 1850. Da yawan bindigogin da aka riƙa ƙerawa a Bamingam da Liyej don kasuwar Afirka masu araha ne, kuma sun yi suna wajen fashewa a hannun mai su. Mu kuma nan ba baƙi ba ne a sana'ar. A Damagaram, zamanin Sarki Tanimu a ƙarni na 19, har igwa aka ƙera a gida, ana haɗa albarushi. Ni da jikokin irin waɗannan maƙera suke unguwa ɗaya da ni, na tsallake su na tura kuɗi ga wanda ban taɓa ganin fuskarsa ba.

Da na kira shi na faɗa masa abin da ya faru, ko jajantawa bai yi ba. Amsoshinsa a shirye suke, alamar ba mu ne na farko ba. Ya ce ko yaron ya yi ɗuri biyu. Ya ce ko ya zuba garin harsashin zamani. Ya ce ko zanzaro ya yi gini a ciki. Wayonsa shi ne duk ukun nan da gaske suna fasa bindiga, har mai kyau. Garin cikin harsashin zamani ba na bindigar toka ba ne sam, ƙarfinsa ya wuce abin da aka yi ta dominsa, kuma bakin da ƙasa ta toshe ko ɗurin da bai zauna ba haɗari ne da kowane maharbi ya sani. To amma sabon bututu ne da bai kwana uku a gida ba, albarushin kuma shi ne dai wanda suka buga da sallah. Da na ce masa mun yanka mun ga ɗinki, sai murya ta sauya. Ya ce, "To ka je ka kai ƙara mana, ka faɗa musu me ka saya."

Nan ne ƙarfinsa yake. Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta sa bindigar toka a ajinta daban, lasisin riƙe ta yana ƙarƙashin kwamishinan 'yan sanda na jiha, ƙera ta ko gyara ta yana buƙatar izini, shigo da makami daga waje kuwa sai da lasisi. Wanda ya ce yana shigo da bututun bindiga ta Kwatano yana aikowa a motar haya, ko dai maƙaryaci ne, ko kuma yana jan ka cikin laifi, kuma ya san tsoron hakan zai rufe maka baki. Mu mun samu sauƙi don bindigogin su Kawu sanannu ne a fada. Kawu ya je ya faɗa wa hakimi komai, har da wautata, hakimi ya haɗa mu da wakili zuwa ofishin 'yan sanda da guntayen bututun, da hoton hirarmu, da shaidar tura kuɗi. Kuɗin dai ba su dawo ba. Amma in wannan ta same ka, kada ka goge hirar don haushi, kuma ka sanar da bankinka da wuri.

Na tambayi tsohon yadda ake gane maƙerin da za a ba wa irin wannan aiki. Ya ce wanda za ka je maƙerarsa ka zauna, wanda sarkin maƙera da sarkin baka na yankin suka san shi, wanda ba ya ɓuya daga hukuma. Ka nemi mutum biyu ko uku da suka shekara biyar suna buga aikinsa, ka kalli hannuwansu da idonka, ba murya a waya ba. Ya nuna maka ƙarfen tun yana fari, kafin a baƙanta shi, ka haska fitila ka leƙa ciki. A gwada a gabanka, a ɗaure, kowa ya ja baya, kuma shi da kansa yana wurin. Ya ce maƙerin da ya ce maka gobe ka zo ka karɓi shida, ka tambaye shi yaushe ya yi su. Har yanzu ina jin nauyin wannan tambaya, don ni kwana tara na ga ya yi min yawa.

Game da mutumin, ba zan rubuta suna ko lamba ba, don sunan na bogi ne, lambar kuma ya jefar, asusun ma wataƙila na wani bawan Allah ne da aka yi amfani da shi. Abin da ba ya sauyawa shi ne salon: hoton bututai masu kusurwa takwas a kan teburi, maganar Amurka da Beljiyam da Kwatano, hatimin gwamnati, rabin kuɗi kafin alƙalami, ciko kafin a kwance buhu, da sarkin bakan nan na wata jiha da kullum yake jiran saura takwas. A sabon shafin ya ƙara da cewa yana yi wa ƙungiyoyin maharba ragi in sun sayi goma. Yawancin dattawan da abin zai shafa ba sa karatu a waya, 'ya'yansu ne irina ke yi musu ciniki, don haka wanda ya karanta ya kai maganar majalisar maharba da ƙofar fada da baki. In kuma akwai wanda ya riga ya karɓi irin wannan kaya, kada a ɗura, ko da an taɓa bugawa sau ɗaya ba ta fashe ba, domin ɗinkin ba lallai ya buɗe a bugun farko ba. A kai wa maƙeri ya yanka.

Sauran biyar ɗin tsohon ya daddatsa su gunduwa-gunduwa a gabanmu don kada wani ya tsinta. Ya gama wa su Kawu guda biyu kafin babbar sallah, da su aka fita. Ɗan Kawu ya warke, yana zuwa gona, amma a hawan bana jakar albarushi ya riƙe wa mahaifinsa.