Ɗakin kwana a bayan fikof da aka ɗaga: a bar ta a sama ko a sauke ta?

Ɗan'uwanmu da ke zaune a jihar Kolorado ya kawo tambaya. Yana da Ford F-250, an ɗaga ta inci 6, an saka mata manyan tayoyi masu inci 35. Ya samu ɗakin tafi-da-gidanka irin wanda ake zurawa cikin bodi, mai tsayayyen bango, da gado a saman kan direba, da ɗan kicin da banɗaki. Takardar ɗakin ta ce nauyinsa laba 2,400, takardar da ke jikin ƙofar motar kuma ta ce tana ɗaukar laba 3,000. Yana so ya sani: ya ɗora a haka, ko ya mayar da motar tsayinta na kamfani?

Ɗan'uwa, ba zan yi maka kwana-kwana ba. Wannan ɗakin da wannan ɗagawar ba sa tafiya tare, dole ɗaya ya haƙura. Bari in jera maka motocin biyu gefe da gefe, wadda aka ɗaga da wadda take a yadda kamfani ya fito da ita, ka ga inda suka rabu.

Abin da suka yi tarayya a kansa shi ne nauyin da aka yarda su ɗauka. Ɗagawa ba ta ƙara wa mota ko kilo ɗaya a kan abin da aka rubuta a ƙofa. Ragewa ma take yi, domin ƙarafan ɗagawar da manyan tayoyin, da bamba in ka canza, duk nauyi ne da motar ta riga ta ɗauka tun kafin ka ɗora komai. Laba 3,000 kilo 1,360 ke nan, ɗakin kuma kilo 1,090, saura 270. Amma awon da ke takardar ɗaki awonsa ne babu ruwa, babu kaya. Tankin galan 30 kaɗai zai ci kilo 113. Kai da uwargida ku ce kilo 150. Me ya rage? Kusan babu, alhali ba a sa tukunyar gas ba, ba a sa batir ba, ba a sa abinci da tukwane da barguna ba. Ko a mota mai tsayin kamfani ka riga ka kai gaɓa. A wadda aka ɗaga kuwa ka wuce.

Sai tayoyi, kuma a nan nake so ka tsaya ka duba da idonka, domin girman taya yana yaudarar mutane. Ka durƙusa ka karanta lambar da ke gefen tayar. Tayar da irin motarka ta saba zuwa da ita daga kamfani, LT275/70R18, tana ɗauke da lamba 125, wato kilo 1,650 kowace taya idan an cika mata iska PSI 80. Da yawa daga cikin tayoyin inci 35 masu faɗi lambarsu 121 ce, kilo 1,450, kuma iskarsu ba ta wuce 65. Ka ga a tayoyin baya biyu ka yi asarar kilo 400, kuma kusan duk nauyin ɗakin nan a kan tayoyin baya yake sauka. Rim ma yana da nasa awon, galibi an buga shi ta ciki. Rim ɗin ado da yawa ba su kai na kamfani juriya ba. Tayar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta zafi take ɗauka a hankali, sai ta fashe a babbar hanya lokacin da ake gudu.

Babban bambancin dai shi ne tsayi. Ɗaki mai tsayayyen bango nauyinsa a sama yake: gado a saman direba, kabad-kabad a jikin rufi, na'urar sanyaya ɗaki a can bisa. Duk wanda ya taɓa ganin motar katako an yi mata lodi har sama ta shiga kwana ya san yadda take kwantawa gefe ɗaya. A mota mai tsayin kamfani za ka ji tangaɗin, amma sifirin ɗin baya mai tauri ne, an yi shi don kaya, zai dawo da ita. A wadda aka ɗaga, an ɗauki dukan nauyin an ƙara masa tsayi, sannan wasu kayan ɗagawa don hanyar duwatsu aka yi su, an sassauta su don taya ta riƙa hawa tana sauka. Wannan laushin da ke da daɗi a daji shi ne ke zama haɗari idan barewa ta faɗo maka kan titi ka murɗa sitiyari da sauri. In kuma da tubalan ƙarfe aka ɗaga bayan, waɗanda ake cusawa tsakanin sifirin da aksil, to aksil ɗin yana samun damar murɗawa duk lokacin da ka taka mai ko birki da kaya a kai. Kai da kake Kolorado, babbar hanyar I-80 da ta ratsa Wayomin tana kusa da kai. Iskar wurin tana kifar da manyan motoci, har hukuma kan rufe hanyar ga dogayen motoci marasa nauyi. Ka yi tunanin bangon ɗakin nan yana tarar wannan iska daga gefe.

Birki da giya ba sai na ja magana ba. Babbar taya tana sa birki ya ƙara wahala, injin ya ƙara nishi a hawan dutse, kuma allon gudu ya nuna ƙasa da ainihin gudun da kake yi in ba a gyara shi ba. A gangaren duwatsun Roki, da tan ɗaya da wani abu a bayanka, tayar kamfani ta fi kwantar da hankali.

Akwai kuma ranar ɗorawa da saukewa, wadda mai saye ba ya tunawa sai ya zo gida. Ɗakin yana tsaye ne a kan ƙafafu huɗu na jak. Ana miƙa su har ƙasan ɗakin ya wuce bodi, sai ka yi baya a hankali ka shiga ƙarƙashinsa. A mota mai tsayin kamfani jak ɗin yakan isa, ko da ya kusa ƙarewa. A wadda aka ɗaga sau da yawa ba ya kaiwa, sai an jera katakai a ƙarƙashin kowace ƙafa. Ka tsaya kusa da ɗakin da ya fi kilo 1,000 yana tsaye a kan siraran ƙafafun da aka miƙe su ƙarshe, iska ta ɗan kaɗa, za ka ga yana rawa, ka ji ƙarafan suna ƙara. Idan kuma tayoyinka sun fito waje da jikin mota, suna iya gogar ƙafafun gaba yayin shiga, sai an sa musu maƙalan da ke buɗewa gefe irin waɗanda ake sa wa mota mai tayoyi huɗu a baya. Matakalar shiga ɗakin ma za ta yi nisa da ƙasa, ka tuna da yara da dattawa.

To me ɗagawar take saya maka? Tana da amfaninta, ba zan hana ta haƙƙinta ba. Hancin mota da cikinta suna nisa da ƙasa, ka hau tudu ka sauka rami ba ka daki komai ba. Amma tukunyar aksil, wadda ita ce ta fi kusa da ƙasa, ɗagawa ba ta taɓa ta. Taya ce kawai ke ɗaga ta, kuma daga inci 33 na tayar kamfani zuwa 35 inci ɗaya kacal ka samu. Sannan hanyoyin dajin da kake sha'awa, da dogon ɗaki reshen bishiya zai tare ka tun kafin dutse ya tare ka. Ramin dutsen da hanyar mota ta ratsa a gandun Zayon a jihar Yuta, motar da tsayinta ya kai ƙafa 11 da inci 4 ba a barinta ta shige kamar sauran motoci, kuma ɗaki irin naka a kan mota irin taka zai wuce haka. Yawancin jihohin Amurka iyakar tsayin mota a hanya ƙafa 13 da inci 6 ne, gadojin ƙauye da rumfunan gidajen mai kuma wasu ba su kai nan ba.

Za ka ji ana cewa ka sa jakunkunan iska na Firestone ko Air Lift, ko robobin Timbren, ko sandar hana tangaɗi ta Hellwig, shi ke nan. Kayan kirki ne, musamman sandar, ina ba da shawarar ta ga duk mai ɗora ɗaki. Suna daidaita zaman mota su rage lilo. Amma ba sa ƙara wa aksil ko taya ko birki ƙarfi, kuma lambar ƙofa tana nan yadda take. A mota mai tsayin kamfani gyara ne a kan tushe mai kyau. A wadda aka ɗaga inci 6, ɓoye ciwon suke yi, mota ta miƙe a ido alhali nauyin yana nan a sama.

Idan ranka yana kan ɗagawar, to canza ɗakin. Akwai masu rufin da ake saukewa lokacin tafiya a ɗaga shi in an yi zango, irin na kamfanin Four Wheel Campers da ke Kalifoniya. Nauyinsu bai fi rabin na wanda ka samu ba, ko ɗan sama da haka, kuma kaɗan suke ɗara kan mota tsayi. Za ka rasa yalwataccen banɗaki, sanyin hunturu kuma zai fi shigowa ta tantin gefe, amma motar za ta shiga inda aka ɗaga ta don ta shiga. Idan kuma ranka yana kan ɗakin, saboda iyali, to ka sauke motar, ka dawo da tayoyi masu lamba 125 ko sama, ka sa sandar hana tangaɗi, ka ɗaure ɗakin da maƙalan da ke kama shasi irin na Torklift. Kada ma ka bar ɗagawar gaba kaɗai. Kamfani da gangan ya sa baya ya fi gaba tsayi, don in kaya ya hau ta daidaita. In ka riga ka daidaita ta babu kaya, da ɗaki bayan zai zauna, fitilu su haska sama, sitiyari ya yi sakwa-sakwa. Ni da zan zaɓa maka, wannan ta biyun zan ɗauka, kuma ko a haka sai ka riƙa tafiya da rabin tankin ruwa.

Kafin ka biya kuɗin ɗakin, ka cika tankin mai, ka ɗauki iyalin, ka je sikelin CAT a tashar manyan motoci. Kuɗinsa kaɗan ne, kuma zai ba ka nauyin gaba daban, na baya daban. Ka cire na bayan daga lambar aksil ɗin baya da ke ƙofa, ka kuma cire shi daga jimillar nauyin da tayoyinka biyu na baya ke iya ɗauka. Wanda ya fi ƙanƙanta shi ne iyakarka a baya, kuma dukan kayan kada su wuce nauyin da aka rubuta a ƙofa. Ka nemi alamar cibiyar nauyi a jikin ɗakin, ka auna da tef, ka tabbata za ta faɗa a kan aksil ɗin baya ko gabansa. Ka turo mana lambobin sikelin da abin da ke rubuce a gefen tayarka, sai mu yi lissafin tare.